Zobe Goma Sha Bakwai

Zobe goma sha bakwai mijina ya mutu ya bar min, wani mai gyaran kwamfuta ya cinye su a yini ɗaya. Ba zoben zinariya ba ne, kada wani ya fara lashe baki. Ni ban yi karatu ba, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce shi ban gaishe shi ba. Wannan ma da kuke karantawa, wata mai shagon buga takardu ce ke bugawa ina faɗa, kuma na gaya mata in ta sassauta min kalma ɗaya, Allah na gani.

Ɗana ne ya ɓata, shekara goma sha ɗaya ke nan. Meyasa muke ce masa, don tun yana ƙarami ba ya shan ruwa bai tambayi me ya sa yake da sanyi ba. Yana da shekara ashirin da huɗu ya fita da safe zai je wurin aikinsa na haɗa wayar lantarki, da riga mai ruwan ƙasa da jakar kayan aiki, ya ce in ajiye masa abincin rana. Bai isa wurin aikin ba, bai dawo gida ba. Iyakar abin da na sani ke nan, har yau ba a ƙara min ko kalma ɗaya ba.

Ubansa, wanda duk unguwa ke kira Mai Sito, shekara talatin ya yi yana tsaron siton wani kamfanin kayan gini. Mutum ne da ko ƙusa ta shigo hannunsa sai ya ba ta kati da lamba. Da aka gaji da kuka, shi sai ya ɗauko littafi. Duk wanda ya zo ya ce an ga mai kama da yaron a wuri kaza, sai ya rubuta. Ya cika littafi uku, sai wata damina rufin ɗaki ya yi yoyo ya kusa cinye su. Shi ne ya sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani abokin aikinsa, ya kwashe komai ya zuba a ciki, littattafan da suka ruɓe kuma ya zubar.

Ranar da ya gama, ya jawo min kujera kusa da tasa.

"Ki ɗauka durowa ce," ya ce. "Kowane labari da katinsa, kowane kati da gida biyar. Ranar da aka faɗa, wanda ya faɗa, wurin, abin da aka gani."

"Huɗu ka lissafa. Ko tsufa ya fara cin lissafin naka?"

"Na biyar naki ne, sarkin gaggawa."

Ya nuna min. In ya je wuri ya duba ya dawo, sai ya sa baƙin ɗigo, cikakke kamar ƙwayar ido. In bai je ba tukuna, sai ya sa zobe, fari a tsakiya. Ya ce da gangan bai rubuta da kalma ba, don kada in nemi kowa ya karanta min. Ya yi min wani koren madanni a gefe. In na taɓa shi, ɗigon duk sai su ɓuya, zoben kaɗai su tsaya, in ƙirga da yatsa.

Ba ya rubuta abin da ya tarar in ya je. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce abin da babu shi a sito ba a ba shi layi. Kuma ba bi da bi yake zuwa ba. Wani wurin yana da nisa sai ya jira shekara, wani yana kusa amma ɗakin ajiye gawa ne, sai ya yi ta ɗaga ranar. Ni ban cika bin sa ba saboda gwiwa. Nawa shi ne in zuba masa ruwa a gora, in tsaya a ƙofa, in karanta fuskarsa tun daga kan kwana in ya dawo. Wannan karatun kam na iya shi.

Wata huɗu da suka wuce ƙirji ya kwantar da shi. A asibiti ya kama hannuna ya ce, "Saura goma sha bakwai." Ba ita ce maganarsa ta ƙarshe ba. Ta ƙarshen cewa ya yi a kashe fanka.

Bayan an share makoki, kowace safiya sai in kunna kwamfutar, in jira ta gama nishinta, in taɓa koren madanni, in ƙirga. Goma sha bakwai. Ban san sunan wuri ko ɗaya ba, amma na san suna nan. Na ce wa 'yata, wadda ke aure layi biyu daga gidana, ta zo ta karanta min su.

"Inna, neman nan ne ya ci Baba. Ba zan karanta miki abin da zai cinye ki ba."

Na sake tambaya bayan sati biyu, ta fashe da kuka ta fita. Ni kuma ba na roƙo sau uku. Na ce in zuciyarta ta huce za ta zo, ai zoben ba ƙafa gare su ba. Wannan laifina ne, a rubuta shi. Da na tari ko mai rake a titi ya kwafe min su a takarda, da ba na nan ina faɗa da mutane.

Sai kwamfutar ta fara ciwo. Ta yi minti goma ba ta buɗe ido ba, ta riƙa fito da wasu rubuce-rubuce tana ƙara. Surukina, mijin 'yata, ma'aikacin ofis ne mai ɗaure wuya da igiya ko ana zafi. Ya duba ya ce babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, waɗanda suka yi ta sun daina kula da ita, sabuwar tasu kuma ta fi ƙarfin wannan tsohuwar. Ya ce akwai wata babbar manhaja ta kyauta, mara nauyi, in an sa ta kwamfutar za ta ƙara shekaru. Ba da mugunta ya faɗa ba. Tsoro yake kada wata rana ta mutu da kayan surukinsa a ciki.

Ni na rungume ta a cinya a cikin mota, surukina na gefena, har layin masu kwamfuta. Lungu ne matsattse, janareto a ƙofar kowane shago, hayaƙi na shiga ido. Shagon mai gyaran kamar bayan gida don ƙanƙanta, kanta ta gilashi cike da matattun wayoyi, fanka ba murfi tana girgiza kai. Shi kansa magidanci ne, ya haura arba'in, tabarau a goshi, tsinke a baki, waya ɗaya a kunne ɗaya a hannu.

Na ce, "Ɗan nan, akwai durowar mijina a ciki. Akwai ɗigo, akwai zobe. Kada ka taɓa min su."

"Iya, ko ƙura ba za ta ɓace ba."

"Ka dai ji abin da na ce? Ɗigo da zobe."

"Na ji, Iya, na ji." Ya juya ga surukina suka koma yaren 'yan boko, maganarsu na wucewa ta saman kaina kamar ba da ni aka zo ba. Na maimaita na uku, ya ɗaga min hannu yana dariya da na cikin waya.

Washegari aka dawo da ita. Ta buɗe ido kafin in gyara zama, fuskarta sabuwa fes. Na duba sama, na duba ƙasa, babu koren madanni. Surukina ya kira mai gyaran, ya ce kayan suna nan, ya juye su a jeri ɗaya ya ajiye, ya kuma sa kwafi a filas, ɗan ma'ajin nan kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta. Sai dai manhajar da tsohon ya yi durowar da ita ba ta zama gida ɗaya da sabuwar babbar manhaja, sai an nemo wata. Shi aikinsa ya ƙare a nan.

Surukina ya ce zai bincika in ya samu hutu. Na san hutun ma'aikaci. Na ɗaure filas ɗin a bakin zane na koma layin ni kaɗai.

Kwana biyar na yi ina shiga shago ina fita. Na farko ya ce akwai sabuwar irin ta mijina, amma duk shekara ake biya, kuma sai an mayar da babbar manhajar da aka cire. Na ce durowar mijina zan riƙa biya wa haya, a cikin ɗakina? Na biyu ya rage murya ya ce yana da ta bayan fage da araha, in kawo kwamfutar. Na ce wanda ke rage murya da rana tsaka ba na ba shi ko tsintsiya. Na uku ya ce me zai hana in zuba su a manhajar lissafi, mai layi-layi. Ya nuna min, na ce wannan ai faifai ne, komai a baje, ni durowa nake nema mai kati da madanni. Ya ce, "Iya, ke da ba ki iya karatu ba, ina ruwanki da bambancin?" Na ce ubanka ma bai iya tuƙi ba amma ya san bambancin mota da jaki. Maƙwabtansa suka yi ta dariya, ni ban yi ba.

A ƙarshen layin, inda kwata ke wari, akwai shagon buga takardu. Matar da ke ciki ta kai arba'in da biyar, tana ɗingisa ƙafar hagu, yatsunta duk tawada. Na shiga ne don in huta gwiwa. Ta ba ni ruwa ta ce me nake nema, na faɗa, kuma ita ce ta farko da ta bari na kai ƙarshen magana.

"Mama, rumbun bayanai ake ce wa abin da kike nema. Akwai na kyauta da ke zama da sabuwar taki, ko sisi ba za ki biya ba. Ba shi da kyan fuska, amma yana riƙe amana."

"Ni ma haka nake," na ce.

Ranar hutunta ta zo gidana. Ta sa manhajar, ta gina durowa mai gida biyar yadda na kwatanta mata, har da madanni, sai dai nata shuɗi ne. Ta juye jerin. Ta ce kati ɗari shida da goma sha biyu, duk sun shiga. Na matso da kujera, na kai yatsa gida na biyar.

Babu ɗigo. Babu zobe. Wani abu ne kamar lauje da ɗan tabo a ƙarƙashinsa. Ta gangara ƙasa, lauje. Ta ƙara gangarawa, lauje, lauje, har ƙarshe.

"Mene ne wannan?"

Ta matso ta ƙura wa gilashin ido. "Alamar tambaya ce, Mama."

"Wa ya yi tambayar?"

Ta buɗe jerin da ke filas ɗin ta duba, ta buɗe na cikin kwamfutar ta duba. Ta ce ba laifin sabuwar manhajar ba ne, a haka aka kawo mata su. Irin jerin da mai gyaran ya juye kayan a ciki, haruffa da lambobi kawai ya sani. Duk abin da bai gane ba sai ya maye shi da wannan alamar. Ɗigo bai gane ba, zobe bai gane ba, ya mayar da su abu ɗaya. Ta ce da ya buɗe ya duba kafin ya goge tsohuwar, aikin minti biyu ne, akwai wata hanyar juyewa da ba ta cin komai.

Sai ta ƙara da cewa, "Da ma da kalma marigayin ya rubuta, an je ko ba a je ba, da ta tsira."

Ta ga fuskata ta kama bakinta. Amma ta riga ta faɗa, kuma gaskiya ta faɗa. Saboda ni ya ƙi rubuta kalma. Jahilcina ya tausaya wa, shi ne aka bi ta nan aka kashe min su.

Ta kai kwamfutar wurin wani da ta yarda da shi ko za a tono tsohuwar. Ya yi kwana biyu ya ce sabuwar ta kwanta a kanta, ba abin da ya rage. Shekara sittin da takwas ina duniya ban san harafi ko ɗaya ba, yau na san guda. Ko a jikin mota na gan shi sai in kau da kai.

Da safe na ɗauki kujerar roba daga gida, na kafa ta a ƙofar shagon mai gyaran, na zauna. Duk wanda ya zo da kaya sai in ce, "Ka kwafe abinka a takarda tukuna, ɗana, nan maƙabarta ce." Mutum uku suka juya. Ya fito tsinke a baki.

"Iya, lafiya? Kasuwa za ki kashe min?"

"Kai me ka kashe min?"

"Me ya ɓace? Kati nawa ne? Ɗari shida da sha biyu na karɓa, ɗari shida da sha biyu na bayar. Gida ɗaya ne ya ɗan samu matsala, ado ne kawai."

"Ado? Uwarka ce ado."

Layi ya cika. Aka ce a je wurin shugaban 'yan layin, wani ƙaton mutum mai sayar da injin buga takarda, ofishinsa a saman bene. Matakala goma sha tara, na ƙirga su da gwiwata. Mai buga takardu ta rufe shagonta ta biyo ni. Aka kira surukina a waya, ya zo yana share gumi, 'yata na bayansa.

Shugaban ya saurari mai gyaran, ya sa aka buɗe jerin aka ƙirga. Ya ce, "To Iya, a ƙa'idar aiki kaya sun cika. Amma don girmanki zai mayar miki da ladan gyaran, ya ba ki haƙuri."

Mai gyaran ya zaro kuɗin ya ajiye a tebur kamar mai jefa wa kaza tsaba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kana da ɗa?"

"Ina da shida."

"Allah ya raya. In aka kwashe su aka dawo maka da shida, amma ba ka san wanne ne mai rai ba, sun cika?"

Na gaya musu komai, da rigar mai ruwan ƙasa, da abincin ranar da na ajiye, da gorar ruwa, da asibiti. Na ce wurare goma sha bakwai ne suka rage a duniya da ba a nemi ɗana ba, mijina ya kashe shekara goma sha ɗaya da takalmi ban san iyaka ba kafin ya rage su haka, wannan kuma ya mayar da su ɗari shida da sha biyu yana waya. Na ce sau uku na faɗa masa, ɗigo da zobe. Da surukina ne ya faɗa da yaren boko, da ya rubuta a tafin hannu. Amma tsohuwa ce ta faɗa, mai zane, sai ya ɗauka kukan akuya ne.

Mai gyaran ya cire tsinken daga bakinsa. Ya ce, "Ban san na mene ne ba."

"Ka tambaya?"

'Yata tana jikin bango ta rufe fuska da mayafi.

Shugaban ya ture kuɗin gefe. "To me kike so, Iya? Abin da ya tafi ba ya dawowa."

"Idonsa nake so."

Wani ya ce subhanallahi. Mai gyaran ya ja da baya har ya taka ƙafar surukina.

"Ba ƙwaƙule shi zan yi ba, me zan yi da shi a hannu? Idon da ya ƙi dubawa da shi minti biyu, shi zai kawo gidana ya karanta min katin nan ɗaya bayan ɗaya, da bakinsa. Ni na tsaya a ƙofa duk ranar da mijina ya dawo. Wanda na tuna, a sa masa ɗigo."

Shugaban ya ce magana ta yi. Mai gyaran ya fara cewa shago fa, shugaban ya ce shagon ma a layinsa yake.

Ƙarfe huɗu yake rufe shago ya zo. Ranar farko ya zauna a kujerar mijina, na ce ya tashi, na ba shi ta roba. Mai buga takardu ta riga ta gyara gida na biyar yadda zai riƙe ɗigo da zobe, ta kuma nuna masa yadda zai ajiye kwafi ba tare da ya sake kashe su ba. Ya karɓi darasin kansa a ƙasa.

Ya fara karatu da sauri kamar mai kiran fasinja. Na ce ya sassauta, ba tasha muke ba.

"Wani direban tanka. Gidan mai na bayan gada. Ya ce ya ga saurayi na gyara fitila."

"Ya je. Ya dawo da takalmi ɗaya a tsinke, ya ɗaure shi da waya. Sa ɗigo."

"Wata mai shara a asibitin ƙashi. Ɗaki na huɗu. Mara lafiya ba ya magana."

"Ya je. Wani dattijo ne ya tarar, ya dawo ya ƙi cin abinci, washegari ya koma ya kai masa bargo. Ɗigo."

"Wani mai ɗinkin takalmi. Ƙarƙashin tankin ruwa. Ya ce yana da tabo a gira."

Na rufe ido na nema. Na ga ƙofa, na ga kwana, ban ga fuskar mijina ba. "Ban sani ba."

"Me zan sa?"

"Abin da ba a sani ba, ba a je ba. Sa zobe."

Haka muka yi kwana tara. Wasu na tuna su da ruwan saman da ya dake shi, wasu da zazzaɓin da ya kwaso, wasu da tsarabar da ya kawo don kada ya shigo hannu biyu. Amma shekara goma sha ɗaya ba kwana goma sha ɗaya ba ce, kuma tasha duk tasha ce, gada duk gada ce. Zoben suka yi ta taruwa. A kwana na uku mai gyaran ya daina zuwa da tsinke. A na biyar ya kashe wayoyinsa da kansa. A na shida ya karanta katin wani ɗakin ajiye gawa, ya tsaya a tsakiya, ya ce zai sha ruwa. Na ba shi. Ban ce masa sannu ba.

'Yata ta fara zuwa tun kwana na biyu, wai ta zo yi min wanke-wanke. Kwano huɗu gare ni, amma sai ta yi awa guda tana wanke su a bakin taga.

A kwana na bakwai ya kai wani kati ya tsaya.

"Karanta mana. Ko an sa da yaren da ba ka iya ba?"

"Iya, wannan..." Ya gyara tabarau. "Wanda ya faɗa, uwarsa. Wuri, ƙofar gida. Abin da aka gani, ta ce ya tsaya a bakin ƙofa da rigarsa mai ruwan ƙasa yana kakkaɓe takalmi."

Ƙarar kwano ta tsaya a bakin taga.

Na tuna ranar. Shekara ta shida ce, da rana tsaka, ina shanya. Na ɗaga kai na gan shi, yadda yake buga takalmi a dakali kafin ya shigo don kada in yi masa faɗa. Na yar da zanen na ruga, ban tarar da kowa ba. Na gaya wa Mai Sito, ya ce rana ce ta buge ni, in sha ruwa in kwanta. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Ashe ya shiga ɗaki ya ba maganata kati da lamba, daidai da ta direba da ta mai shara, bai taɓa gaya min ba.

Ban san wace alama ya sa wa maganar tawa ba. Ko ya leƙa ƙofar ya dawo ya sa ɗigo, ya rufe. Ko kuwa tana cikin goma sha bakwai ɗin da na yi ta ƙirgawa kowace safiya da yatsana, ban san tawa nake taɓawa ba. Duk sauran na iya zuwa in duba. Wannan mutum ɗaya ne ya san amsarta, ya rubuta min ita da alamar da zan iya karantawa, aka goge.

Mai gyaran bai ɗago ba. Can ya ce, a hankali, "Me zan sa, Iya?"

"Sa zobe."

Da muka kai ƙarshe a kwana na tara, na taɓa shuɗin madanni na ƙirga. Tamanin da huɗu. Na sake ƙirgawa, ba su ragu ba. A cikinsu akwai goma sha bakwai na gaskiya, sauran wuraren da mijina ya riga ya taka ne, zan je in sake tambayar mutanen da suka riga suka ce masa babu.

Mai gyaran ya tsaya a ƙofa yana murza hula. Ya ce in yafe masa. Na ce ban kai nan ba tukuna, in na kai zan aika. Ya ce yana da babur, ranar da ba kasuwa zai iya kai ni na kusa. Na ce gwiwata ba ta hawa babur, amma akwai guda goma sha ɗaya da aka ce suna bayan gari, ya je ya duba da idon nan nasa, ya tambaya sau uku, ya dawo ya faɗa min a tsaye a nan. Ya ce to.

Mai buga takardu ta buga min tamanin da huɗun a takarda, kwafi uku, manyan haruffa, kowanne da zobensa a gefe. Ɗaya na ƙarƙashin katifa, ɗaya na wurinta. Na ukun ina ninke shi zan sa a jaka sai 'yata ta zare shi daga hannuna.

"Wa zai karanta miki a mota?" ta ce. Idonta ya kumbura. "Ki zuba ruwa a gora biyu."

Gobe da safe za mu fara da mai ɗinkin takalmi na ƙarƙashin tankin ruwa, in yana raye. Na bar wa maƙwabciyata sallahu ta riƙa leƙa ƙofar gidana in ba na nan, musamman da rana tsaka. Ta ce me za ta duba. Na ce ta dai duba, in ta ji ana buga takalmi a dakali kada ta yi masa faɗa, ta ce ya shiga, ba a kulle ba.